Yadda Ake Buɗe Fayil ɗin CSV a Waya a Gyara Shi Ba Tare da an Lalata Lambobi Ba

Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .csv ba fayil ɗin Excel ba ne, ko da kuwa koriyar alamar Excel ce ta bayyana a kansa. Rubutu ne zalla, irin wanda za ka iya bugawa a wurin saƙon tes. Babu launi a cikinsa, babu ƙa'idar lissafi, babu shafi na biyu. Abin da kawai ya raba wannan bayani da wancan shi ne wata alama, galibi waƙafi. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya yi rabin aikin, domin yawancin ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan fayiloli ba wajen gyara take faruwa ba. Tun wajen buɗewa take faruwa, lokacin da manhaja ta kalli rubutun ta yanke wa kanta hukunci cewa wannan lamba ce, wannan kwanan wata ne, ta sauya su ba tare da ta tambaye ka ba.

Masu cin karo da shi suna da yawa. Akwai mai POS da ya sauke bayanan cinikin wata, da sakataren ƙungiya da aka ce ya loda sunaye da lambobin asusu don a biya mutane kuɗi a lokaci guda, da malamin da zai ɗora sakamakon jarrabawa a shafin makaranta, da ma'aikacin tattara bayanai da ya fitar da amsoshi daga KoboToolbox ko Google Forms, da mai son kwashe lambobin wayarsa daga Google Contacts. Da yawansu ba su da kwamfuta a kusa, wayar ce ofis. Aikin yana yiwuwa a waya sarai, in dai an bi shi a tsanake.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Ga misali na ƙirƙira, don ka ga siffarsa:

kaya,kasuwa,buhu,farashi
masara,Dawanau,40,52000
wake,"Sabon Gari, Zariya",12,"88,500"

Layin farko shi ne kanun bayanai. Kowane layi bayansa bayanin abu guda ne. Idan manhaja ta buɗe shi, kowane waƙafi zai zama iyakar gida, sai ka ga tebur mai layukan kwance da na tsaye.

Dubi layi na uku da kyau. Sunan kasuwar yana da waƙafi a cikinsa, farashin ma haka, shi ya sa aka kewaye su da alamar zance. Da ba a yi hakan ba, Zariya za ta faɗa gidan buhu, 12 ta faɗa gidan farashi, lissafin ya wargaje daga nan har ƙarshen layin. Idan kuma rubutun kansa yana ɗauke da alamar zance, ninka ta ake yi, a rubuta biyu a jere. Waɗannan ƙa'idoji suna cikin wata 'yar takarda mai suna RFC 4180 da aka fitar a 2005, amma tsarin ya girme ta da shekaru masu yawa, kuma ba kowace manhaja ke bin ta sau da ƙafa ba. Daga nan saɓani yake tasowa.

Ba waƙafi kaɗai ake rabawa da shi ba. Wani fayil da waƙafi mai ruwa ake raba shi, wato ; ɗin nan. Wani da tazarar tab, shi ne mai ƙarewa da .tsv, wani lokaci kuma .txt. Akwai ma masu amfani da sandar tsaye, wato |. Duk dangi ɗaya ne, hanyar aiki da su ma ɗaya ce.

Matakin farko: nemo shi, ka yi kwafi

Kada ka danna fayil ɗin daga cikin WhatsApp ko Gmail ka hau gyara kai tsaye. Sauke shi tukuna. A Android buɗe manhajar fayiloli, ko Files ta Google ko File Manager da ta zo da wayar. Abin da ka sauke daga imel ko Chrome yana cikin Download. Na WhatsApp kuwa, a wayoyin da ke kan Android 11 zuwa sama, yana can cikin Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Media, sai WhatsApp Documents. In hanyar ta yi maka nisa, rubuta csv a wurin bincike, zai fito. A iPhone kuwa ka danna alamar rabawa ka zaɓi Save to Files.

Idan a dunƙule ya zo, wato .zip, warware shi da Extract kafin komai.

Daga nan ka yi kwafinsa. Ka bar na asali yadda ya zo, ka sauya wa kwafin suna, misali ka ƙara masa kalmar gyara da kwanan wata. A kan kwafin za ka yi aiki. Ina nanata wannan ne saboda wasu kurakuran ba sa gyaruwa bayan an adana, za mu zo kansu, kuma na asalin nan shi kaɗai ne madogararka.

Mataki na biyu: leƙa shi a matsayin rubutu

Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, alhali bai wuce minti ɗaya ba. Sauke ƙaramar manhajar rubutu, irin su QuickEdit ko Markor ko Acode a Android. Danne fayil ɗin, ka zaɓi Open with, ka buɗe shi da ita. Manhajar rubutu ba ta fassara komai, abin da ke ciki shi take nuna maka.

Abu uku za ka duba. Wace alama ce ta raba bayanan? Haruffa masu ƙugiya da alamar naira sun fito daidai, ko sun zama tarkace? Sannan akwai lambobin da suka fara da sifili, ko masu tsawon gaske, ko kwanan wata? Amsar waɗannan ita za ta nuna maka hanyar da za ka bi.

Kuma in gyaran ƙarami ne, kamar sunan mutum ɗaya da aka yi kuskuren harafi, ko lambar asusu guda da za a sauya, to ka yi shi nan take a manhajar rubutun ka adana. A ganina babu hanyar da ta kai wannan aminci, domin babu abin da zai taɓu sai abin da yatsanka ya taɓa. Ka dai kula kada ka goge waƙafi ko ka ƙara, kuma kada ka bar alamar zance a buɗe babu abokiyarta.

Mataki na uku: buɗe shi a tebur

Idan aikin ya kai ga jerawa, tacewa ko lissafi, sai an shiga manhajar tebur. Google Sheets, Microsoft Excel da WPS Office duk suna buɗe CSV, kuma WPS ɗin sau da yawa da ita wayar ke zuwa. Zan fi tsayawa a kan Google Sheets saboda kyauta ce, kuma tana fitar da CSV da TSV daga waya.

Hanya biyu ce. Gajeriyar ita ce ka danne fayil ɗin, Open with, ka zaɓi Sheets. Wannan ta wadatar idan kallo kawai za ka yi, ko kuma bayanan ba su da lambar waya, lambar asusu ko kwanan wata. Amma ta wannan hanya manhajar ba ta tambayar ka komai. Tana yin aikin ne kamar yaron shago mai rawar kai, wanda aka ce ya kwafe littafin bashi sai ya riƙa gyara abin da ba a sa shi ba.

Doguwar hanyar ita ce ta kirki, kuma tana buƙatar data:

1. Buɗe Chrome, ka danna ɗigo ukun da ke sama, ka kunna Desktop site.
2. Rubuta sheets.new a wurin adireshi. Sabon tebur zai buɗe, irin wanda ake gani a kwamfuta. Kwantar da wayar a gicciye don ka ga menu sosai.
3. Danna File, sai Import, sai Upload, ka zaɓo kwafin fayil ɗinka.
4. A ƙarƙashin Separator type ka zaɓi alamar da ka gani ɗazu. In waƙafi ne, Comma. In tab ne, Tab. In waƙafi mai ruwa ne ko sandar tsaye, ka zaɓi Custom ka buga alamar da kanka.
5. Akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Convert text to numbers, dates, and formulas. Cire alamar da ke cikinsa. Duk wahalar da ka sha ta zuwa nan saboda wannan akwatin ne.
6. Danna Import data.

Rubutun zai yi ƙanana, sai ka riƙa buɗa shi da yatsu biyu. Da zarar bayanan sun shiga, rufe Chrome ka koma manhajar Sheets, za ka tarar da teburin a can, ka ci gaba da aiki cikin sauƙi.

Tunda ka hana ta fassara, komai zai shigo a matsayin rubutu, har da kuɗi. Alamar gane hakan ita ce rubutu yana jingina hagu a gidansa, lamba kuma dama. Layin da kake son tarawa, kamar farashi, sai ka mayar da shi lamba: danna harafin da ke samansa, ka danna alamar A ta tsara rubutu, ka shiga Cell, sai Number format, ka zaɓi Number. In wani gida ya ƙi, yi amfani da =VALUE(D2) a layin gefe, D2 na nufin gida na 2 a layin D. Kai ne ka zaɓi abin da zai zama lamba, ba manhaja ba.

Mai iPhone yana da sauƙi a nan. Manhajar Numbers tana buɗe CSV, kuma da ta buɗe takan nuna Adjust Settings na ɗan lokaci. Danna shi kafin ka fara gyara, a nan ake zaɓen alamar rabawa da tsarin haruffa.

Sifilin da ke ɓacewa

A nan aka fi yin asara. Lambar wayar Najeriya lambobi 11 ce kuma da sifili take farawa. Lambar asusun banki 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa, wasu ma sifili biyu. A wurin manhajar lissafi sifilin gaba ba shi da amfani, don haka 08030000000 sai ta koma 8030000000, asusun da ya fara da 00 kuma ya dawo lambobi 8. Ka ɗora wannan a shafin biyan kuɗi, a ƙi karɓa, ko a ce asusun babu shi. Mai ɗauke da +234 ma bai tsira ba, domin alamar tarawar takan faɗi, a bar lambar tsirara.

Idan ka bi doguwar hanya, wannan ba zai same ka ba. Idan kuwa fayil ɗin ya riga ya iso maka a lalace, akwai magani, tunda mun san tsawon da ya kamata lambar ta kai. A ce lambobin waya suna layin B. A wani layin da babu komai ka rubuta:

=TEXT(B2,"00000000000")

Sifili 11 ke nan. Na asusun banki sifili 10 za ka sa. Wannan ya fi a liƙa sifili ɗaya a gaba da hannu, saboda yana cike gurbin ko sifili nawa ne suka faɗi. Kwafi gidan ka manna shi har ƙasa. Daga nan ka kwafi sabon layin gaba ɗaya, ka mayar da tsohon layin Plain text a Number format, ka manna a kansa ta Paste special, ka zaɓi manna ƙima kaɗai, wato values only. Sai ka goge layin taimakon. In ka goge tsohon layin kafin ka yi haka, lissafin zai rushe domin a kansa ya dogara.

Idan sabon bayani za ka shigar da hannu, mayar da layin Plain text tun kafin ka fara bugawa. Ko kuma ka sa ɗaurin sama guda, wato ', kafin lambar. Ba zai bayyana ba, amma zai hana sifilin faɗuwa.

Wannan dabarar tana da wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Tunda manhajar tana ɗaukar ' na farkon gida a matsayin umarni, in ka buga 'Yankaba ko 'Yan Lemo sai ka ga Yankaba da Yan Lemo, ta haɗiye alamar. Sai ka buga ta sau biyu a farko, ɗaya ta manhaja, ɗaya taka. Masu rubutu da ƴ, kamar yadda ake yi a Nijar, wannan bai dame su ba.

Dogayen lambobi matsalarsu ta fi muni. Excel yana nuna duk lambar da tsawonta ya kai lambobi 12 a dunƙule, sai ka ga 2348030000000 ta zama 2.34803E+12. A tebur ainihin lambar tana nan a ɓoye, amma in ka adana a CSV a wannan hali, abin da ido ke gani shi za a rubuta, sauran ya tafi. Bayan haka, manhajojin tebur ba sa riƙe fiye da lambobi 15 daidai. Lambar katin ATM 16 ce a mafi yawan katuna, lambar token ta mitar wuta 20 ce. Excel yana mayar da duk abin da ya wuce na 15 sifili, kuma babu wata dabara da za ta dawo da shi. Sai dai a koma fayil na asali a sake shigowa da shi a matsayin rubutu. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: duk lambar da ba za a tara ta ko a ɗebe ta ba, kamar NIN, BVN, lambar jarrabawa, lambar mita, suna ce ba lissafi ba, a bar ta rubutu.

Idan komai ya cunkushe a layi ɗaya

Ka buɗe fayil ka ga duk bayanan sun taru a layin A, da ; a tsakaninsu. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta nemi waƙafi ba ta samu ba. Dalilin kuwa shi ne a tsarin Faransanci da waƙafi ake rubuta ɗigon lissafi, 12,5 maimakon 12.5, don haka kwamfutar da aka saita da Faransanci takan raba bayanai da waƙafi mai ruwa. Duk mai musayar takardu tsakanin Kano da Maraɗi, ko Katsina da Damagaram, zai haɗu da wannan. KoboToolbox ma da waƙafi mai ruwa yake fitar da CSV ɗinsa.

Maganin shi ne doguwar hanyar nan, da Custom. Akwai kuma =SPLIT(A1,";",TRUE,FALSE) ga wanda yake sauri. FALSE ɗin ƙarshe yana da muhimmanci, shi ke hana gidajen da babu komai su ɓace bayanai su zame gefe. Amma SPLIT yana zubar da sifilin gaba, don haka ban ba da shawararsa ga fayil mai lambobin waya ko asusu ba.

Wani zai ce ai sai a shiga manhajar rubutu a sauya duk ; da waƙafi a wuce wurin. Kada ka yi, sai ka tabbatar babu waƙafi ko ɗaya a cikin bayanan. In akwai 12,5 ko adireshi mai waƙafi, ka tsaga gida ɗaya biyu ke nan.

Kwanan wata

03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne. A tsarin Amurka 4 ga Maris ne. Idan teburin yana kan tsarin Amurka, ranakun 1 zuwa 12 za su juye a ɓoye, na 13 zuwa sama kuma su tsaya a matsayin rubutu tunda babu wata na 13. Alamar da za ta fargar da kai ita ce ka ga wasu kwanakin sun jingina dama wasu hagu a layi guda. Kafin ka shigo da fayil, a Chrome ɗin nan, shiga File, sai Settings, ka mayar da Locale zuwa United Kingdom, wadda ke fara rubuta rana kafin wata. In kai ne mai shirya fayil ɗin tun farko, rubuta 2025-04-03, shekara, wata, rana. Wannan ba ya rikita kowa, kuma yana jeruwa daidai ko a matsayin rubutu.

Manhajar kan mayar da abin da ba kwanan wata ba ma ya zama kwanan wata. Ka rubuta 1/2 kana nufin rabin buhu, ko 3-4 kana nufin aji uku zuwa huɗu, sai ka ga wata da rana. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya sauya sunayen wasu, MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT1 ta koma SEPTIN1, saboda Excel ya yi ta mayar da su 1 ga Maris da 1 ga Satumba a bayanan masu bincike.

Haruffanmu masu ƙugiya

Idan ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ya kasance, ko É— a gurbin ɗ, ko É“ a gurbin ɓ, ko â‚¦ a gurbin ₦, kada hankalinka ya tashi. An rubuta fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 ne, aka karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252. Bayanin bai lalace ba tukuna. Rufe shi ba tare da ka adana ba, ka sake buɗewa da UTF-8. QuickEdit yana da wurin sauya wannan, Google Sheets kuma dama da UTF-8 yake aiki.

Amma in alamar tambaya ka gani a gurbin haruffan, kamar ?ofar Mata, kuma haka yake ko a manhajar rubutu, to wani ya riga ya adana shi da tsarin da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Wannan sai gyara da hannu, ko a nemi mai aikowa ya sake fitarwa.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan fayil ya bar hannunka. Google Sheets yana fitar da UTF-8 mai kyau, amma ba ya sa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil da ake kira BOM, wadda Excel na kwamfuta ke dubawa. Sai abokin aikinka ya danna fayil ɗin sau biyu a ofis, ya ga tarkace, ya kira ka ya ce ka ɓata aiki. Ka ce masa ya shigo da shi ta Data, sai From Text/CSV, ya zaɓi UTF-8. In kuwa mutum ne zai karanta ba na'ura ba, aika masa .xlsx kawai ku huta.

Ka kuma tsayar da rubutu ɗaya. Ƙofar Mata da Kofar Mata wurare biyu ne a wurin manhaja, wajen bincike da wajen ƙirga. Gboard yana da madannin Hausa, saka shi ka daina canje-canje.

Gyaran kansa

Fara da kafe layin kanu: danna lambar 1 da ke gefe, ka sake dannawa, ka zaɓi Freeze. Yanzu ko ka gangara layi na 900 kana ganin kanun, kuma in ka jera bayanai ba zai nutse a tsakiya ba.

Wajen jerawa, danna harafin saman layin ka zaɓi Sort A-Z, wannan yana tafiya da layukan kwance gaba ɗayansu. Abin gudu shi ne a zaɓi gidajen layi ɗaya kaɗai a jera su, sunaye su motsa lambobin asusu su tsaya a inda suke. Kuɗin wani ya tafi wurin wani ke nan, kuma ido ba zai gane ba domin teburin zai yi kyau tsaf.

Create a filter da Find and replace suna ƙarƙashin ɗigo uku. Kafin ka danna Replace all, duba sau nawa kalmar ta fito, don kada ka sauya abin da ke tsakiyar wata kalmar.

Ƙananan lissafi uku suna kama yawancin kurakurai. =LEN(B2) yana ƙirga tsawon abin da ke gida, sai ka tace ka ga lambar wayar da ba ta kai 11 ba ko asusun da ya wuce 10. =TRIM(A2) yana share tazarar da ta maƙale a gaba ko bayan suna, wadda madannin waya ke yawan sakawa. =COUNTIF(B:B,B2) kuma yana nuna wanda aka shigar sau biyu, duk inda ka ga 2 sai ka bincika. In teburinka yana kan tsarin Faransanci, waƙafi mai ruwa za ka sa a cikin waɗannan lissafin maimakon waƙafi. Bayan ka gama, goge layukan taimakon.

Kada ka haɗe gidaje, kada ka bar layi fanko a tsakiya don ado, kada ka sa jimilla a ƙasan fayil ɗin da za a loda a wani shafi, domin na'urar za ta ɗauki jimillar a matsayin mutum na ƙarshe. Kanun ma kada ka taɓa su. In shafin ya ce account_number, to haka yake so harafi da harafi, ba fassararsa ba. Kuɗi kuma a bar su tsirara, 52000, babu ₦ babu waƙafi, sai in an ce a sa.

Yatsa yana zamewa a gilashi, gida ya gogu ba ka sani ba. In ka ji wani abu ya motsa, danna kibiyar komawa baya nan take.

Game da girma, Google Sheets yana ɗaukar gidaje har miliyan 10, Excel kuma layuka 1,048,576, amma waya mai ƙaramin ƙarfi za ta fara nishi tun kafin a je kusa da nan. Tsohon tsarin .xls kuwa layuka 65,536 kawai yake ɗauka, kada ka adana babban fayil a cikinsa. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga rahoto ba, saboda an riƙa zuba bayanan CSV a wannan tsohon tsarin har ya cika. Tun daga farko ka rubuta adadin layukan fayil ɗinka a gefe, don ka gwada a ƙarshe.

Fitar da shi

A manhajar Sheets ta Android, tsaya a kan shafin da kake so, ka cire tacewa in ka sa, ka danna ɗigo uku, sai Share & export, sai Save as, ka zaɓi CSV ko TSV. Shafin da kake kai kaɗai zai fita. In shafuka uku ne, sau uku za ka yi. A Numbers kuwa Export ne, sai CSV. Ka ajiye teburin Sheets ɗin ma, domin launi da lissafi a can kawai suke zaune.

Sheets da waƙafi yake fitarwa. Idan wurin da za ka kai fayil ɗin waƙafi mai ruwa yake so, fitar da TSV, ka buɗe shi a manhajar rubutu, ka kwafi tazarar tab guda ka sa a wurin nema, ka sauya su duka da ;, sannan ka mayar da ƙarshen sunan .csv. Ka dai tabbatar babu ; a cikin bayanan kansu.

Yanzu sake buɗe sabon fayil ɗin da manhajar rubutu, ba da Excel ko WPS ba, domin su za su sake ɓoye maka sifilin ka zaci bai fita ba. Duba layin farko, da wani a tsakiya, da na ƙarshe. Sifili yana nan? Akwai E+ a wani wuri? Ƙugiyoyi sun fito? Adadin layuka ya yi daidai da abin da ka rubuta, in an haɗa da waɗanda ka ƙara ko ka cire?

Wajen aikawa a WhatsApp, ta Document za ka tura. Akwai kuma shafukan intanet masu cewa ka ɗora fayil su juya maka shi kyauta. Fayil mai ɗauke da sunayen mutane, lambobin wayarsu da asusunsu amana ce a hannunka, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Kada ka ɗora shi a wurin da ba ka san mai shi ba, alhali duk abin da za su yi maka kana iya yin sa a wayarka. In wayar ta aro ce ko ta shago, goge kwafin daga Download da WhatsApp Documents, ka fita daga asusunka na Google.

Idan shafin da kake lodawa ya ƙi karɓa bayan duk wannan, sauke samfurin fayil ɗin da suka tanada, ka buɗe shi da naka a manhajar rubutu ka gwada layin farko da na biyu. Galibi bambancin yana nan: harafi babba a kanu inda suke son ƙarami, waƙafi ɗaya da ya yi yawa a ƙarshen layi, ko kwanan wata da aka rubuta da / inda suke son karan ɗori. In shafin ya ambaci lambar layin da ya ƙi, kunna lambobin layi a manhajar rubutun ka tafi can kai tsaye, ka duba shi tare da wanda ke samansa, domin alamar zancen da aka bari a buɗe a layin sama takan haɗiye na ƙasa.